Angarib ɗin Inna Ya Zama Kanaba

Zuwa ga mahaifiyata, Hajja Rabi, a makwancinki na gaskiya.

Assalamu alaiki, Inna. Gaisuwa ce ta 'ya ga uwar da ta haife ta, tare da roƙon Allah ya sa ƙasar Gadarif ta yi miki laushi. Ina rubuto miki a inda jama'a za su gani, har da autanki Abakar, kuma da gangan na yi. Labarin angarib ɗinki na kawo miki, da alƙawarin da kika yi wa Goggo Kaltume a kansa.

Kin fi ni sanin gadon nan. Itacen bagaruwa ne, Baba ya zo da shi daga Mafaza tun ba a haife ni ba, ƙafafunsa dogaye masu sassaƙa, tsakiyarsa saƙar igiya. A kansa aka ɗauki Baba zuwa maƙabarta. Da aka dawo da shi kika ce ya gama aikin barci, daga yau na Allah ne. Kika jingine shi a rumfa, kika rataye farar tabarmarsa a gefe. Tun daga nan duk wanda aka yi wa rashi a unguwarmu, ƙofarmu yake fara bugawa kafin ya je wurin liman. Ba kya tambayar ɗan wane ne. Bahaushe, Bafulatani, Balarabe, har lebura baƙo da ya zo yankan riɗi ciwo ya kama shi, duk a kansa suka tafi.

Kowace shekara bayan damina sai ki zauna da wuƙa da sabuwar igiya, ki cire wadda ta ruɓe, ki ja wadda ta saki, ki shafe itacen da man riɗi. Idan na ce ai bai lalace ba, sai ki ce, "Mai tafiyar da ba ya dawowa ba a ba shi gado mai ƙara."

Goggo Kaltume kuwa, aminiyarki tun kuna 'yan mata, takan zo duk Sallah ta sha jabana, gahawarmu ta nan, ta leƙa rumfa, ta dafa ƙafar gadon ta ce, "Ya kake, abokin tafiya?" Ku yi ta dariya kamar ba mutuwa kuke yi wa ba'a ba. A gabana kika ce mata, "Kaltume, wanda ya kai ni shi zai kawo ki." Ke ya kai ki. Ita ta zauna tana jira, idonta na ƙara dushewa, amma ba ta taɓa fasa zuwa gaishe shi ba.

To, sai yaƙi ya koro Abakar daga Khartum, shi da matarsa da 'ya'yansa. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya zo abin tausayi. Gidan da ya tara wa kaya shekara da shekaru, ko cokali bai fito da shi ba. Na buɗe masa ɗakinki, na ce gidan ubansa ne. Watannin farko ba ya magana, sai zama a gindin dalbejiya yana latsa waya. Na yi ta addu'a Allah ya ba shi abin yi. Da na san irin abin yin da zai samu, da na ƙara wa addu'ar bayani.

A wayar nan ya gano masu koya wa mutane gyaran tsofaffin kayan ɗaki. Wasu mutane ne a wata ƙasa, da hannuwa fes, suna ɗauko ruɓaɓɓiyar kujera su shafa mata fenti ta koma sabuwa kafin ka haɗiye yawu. Ɗanki, wanda tun yana yaro ƙusa bai taɓa bugawa ta shiga a miƙe ba, ya wayi gari kafinta. Ya ce zai dawo da salon ɗinsa na Khartum, wato falon baƙi, ba tare da ya je wurin masu sababbin kaya ba. Ya riƙa zuwa kasuwa yana kwaso abin da 'yan'uwansa 'yan gudun hijira suka sayar don su ci abinci.

Inna, da kin ga abin da na gani. Tayoyin babbar mota ya wanke, ya shafa musu fenti ruwan zinari, ya ɗora soso, wai kujeru ne. Rana ɗaya ta Gadarif ta dake su, gidan duka ya ɗauki warin roba. Ya samo kabad mai ƙofa ɗaya, ya manna masa fasasshen madubi, yanzu duk wanda ya duba sai ya ga kansa da hanci biyu. Akwai tebur da ya ce ƙafa ɗaya ta fi tsawo. Ya rage ta, sai sauran suka fi ta, ya bi su ya rage, haka ya yi ta bi har teburin ya dawo tsayin kujerar tsakar gida, kuma har yau da guntun bulo yake tsaye. Fenti kuma a kan datti yake shafawa, ko gogewa ba ya yi, sai ƙuda da ciyawa su bushe a ciki. Kowanne sai ya ɗauki hotonsa, ga na da ga na yanzu, ya sa a shafinsa, abokansa na Khartum da suka watsu a duniya suna rubuta masa "ma sha Allah, ya fannan", wai gwani. Ko ɗaya a cikinsu bai taɓa zama a kan tayar nan da azahar ba.

Duk wannan ban tanka ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Abu ɗaya na faɗa masa ranar da na ga yana zagaya rumfa da igiyar awo. Na ce, Abakar, gidan nan duka naka ne, ka fenta har akuya idan ka ga dama, amma ban da wannan. Ya ce ya ji.

Sai 'yata ta haihu a Showak, na tafi zaman jego. Da na dawo, rumfa ba komai sai farar tabarma a rataye.

A salon na sami gadon. Abakar ya sa zarto ya datse ƙafafun har rabi, wai kanaba, kujerar falo, ba ta yin tsawo. Ya yanke igiyar da kika saƙa da hannunki a shekararki ta ƙarshe. Ya buga falanki da ƙusoshi irin na rufin kwano har itacen ya tsage ta gefe ɗaya. Ya ɗora soso, ya lulluɓe da wani yadi mai sheƙi, ya ƙara masa majingina da ƙofar tsohon kabad. Abin da ya rage na ƙafafun ya shafe shi fari fat. Ya tsaya a gefe yana murmushi, yana jiran in ce ma sha Allah.

Abin da na faɗa masa ba zan rubuta ba, don malamai na karantawa. Amsarsa dai ita ce, "Ya Zainabu, itace itace ne. Yanzu wa ke ɗaukar gawa a kafaɗa? Ga motoci." Wai kuma abin yana tsorata yaransa, kuma baƙo ba zai shigo gida ya fara cin karo da makara ba. Ka ji mutumin da makarar nan ta ɗauki uwarsa da ubansa. Shekarun da ya yi a birni sun koya masa sunan kowane irin labule, amma sun mantar da shi abin da ƙasar unguwarmu take zama idan ruwa ya sauka.

Na so in je in gaya wa Goggo da bakina, amma Sallah ta riga ni. Ta zo da sandarta, jikarta na riƙe da hannunta. Abakar ya tare ta da fara'a, ya ce yau ba zaman tabarma, ya kai ta salon ya zaunar da ita a kan kanaba. Kin san makaho da hannu yake gani. Tana zaune tana amsa gaisuwa, hannunta ya sauka ta gefe ya sami ƙafar nan. Na ga yatsunta suna bin sassaƙar, suna sauka, sai suka taɓa ƙasa tun ba su kai inda suka saba kaiwa ba.

Ba ta yi faɗa ba, Inna. Da ta yi, da na samu sauƙi. Ta lallaɓa ta sauko ta zauna a ƙasa, a kan siminti, da kayan Sallarta. Ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ɗana. Ni ba a zaune aka ce zan hau shi ba." Jabanar da na dafa ta huce a gabanta. Da za ta tafi ta kama hannuna ta ce in riƙa kula da kaina, na rame.

Cikin damina ta rasu, bayan ruwan da ya kwana biyu yana zuba. Baƙar lakar nan ta tashi, wadda take cire wa mutum takalmi ta riƙe. Motocin da Abakar yake faɗa ko bakin kwalta ba su baro ba.

Ba wanda ya buga mana ƙofa. Tunda na yi wayo ba a taɓa mutuwa a unguwar nan muka ji a bakin masu wucewa ba, sai ranar. Daga baya jikarta ta gaya mini Goggo ce ta hana. Ta ce kada kowa ya je gidan Rabi neman abin da babu, kada a ba 'ya'yanta kunya.

A gadon ƙarfe suka ɗauko ta, irin na asibiti, wanda aka aro a wani gida. Ta ƙofarmu hanyar take. Na tsaya a zaure ina kallo. Ƙarfen ya jiƙe yana zame wa mutane, ba wurin kamawa, ga nauyi, ga laka har ƙwauri. Kowane taku sai gadon ya yi ƙara. Daidai ƙofarmu wani ya zame, gefe ɗaya ya karkata, sai da mutane suka kai hannu suka tare ta kada ta sulluɓo. Tsohuwar da ba ta taɓa ɗaga murya a kan kowa ba, haka aka wuce da ita ana "riƙe, riƙe, ya jama'a".

Abakar yana bayana. Ya fita ba takalmi ya bi su, ya kai kafaɗa zai karɓa. Ba wanda ya matsa ya ba shi wuri. A baya ya tafi, a baya ya dawo. Tun ranar bai sake shiga salon ba, kuma ba mai zama a kan kanabar nan, har yaransa. Ban tausaya masa ba tukuna. Wataƙila nan gaba, don ɗanki ne, kuma na san da kina nan da tuni kin kira shi kin ba shi abinci.

Ni kam kewarki nake ji, Inna, irin wadda ban ji ba tun ranar da aka fita da ke. Ashe muddin ana buga ƙofar nan, gani nake kina cikin gidan.

Allah ya jiƙanki, ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarin Goggo Kaltume, ya kai miki ladan duk wanda gadon nan ya ɗauka. Allah ya shirya mana Abakar. Idan Allah ya haɗa ki da aminiyarki, na san za ki tambaye ta a kan me aka kawo ta, kuma na san halinta, cewa za ta yi a kan naki. Shi ya sa na faɗa miki da kaina.

Taki har kullum,
Zainabu, daga Gadarif.