Sunana a cikin wayar wanda aka kama

Assalamu alaikum Admin, don Allah ki saka min wannan a zauren nan amma a ɓoye sunana, yawon da sunan ya yi a garin nan ya isa haka. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, waɗanda suka san harkar intanet na ofis da waɗanda ba su sani ba amma suka san yadda zama yake a wajenmu.

Ranar da abin ya fara, tun daga bakin titi na ga alamar ba lafiya. Akwai wani benci a jikin bangon ofishinmu, kullum kafin in zo in buɗe zan tarar da mutane a kai kowa ya sunkuya kan wayarsa, ran nan babu ko mutum ɗaya. Na gaishe da mai shayin da ke tsallakenmu, mutumin da kullum sai ya tsokane ni da "Hajiyar kwamfuta an iso", ya amsa ciki-ciki bai ko ɗago ba. Na saka makulli na buɗe na shiga.

Bari in koma baya don ku gane. Ni 'yar wani ƙauye ce ta wajen Kuyello, na gama sakandare, ina zaune wurin Gwaggona a cikin Birnin Gwari saboda aikin da na samu a wani ƙaramin ofis na masu sayar da taki da sayen masara. Kwamfuta biyu, firinta, sai sito a baya. Alhaji mai ofishin yawanci yana Kaduna, ni kaɗai nake wuni ina yi wa manoma rajista ina tura masa bayani. Da farko kebul muke amfani da shi, eriya a saman rufi tana jawo sabis zuwa rauta, wato akwatin da ke raba intanet ɗin, daga nan kebul ya bi bango zuwa kwamfutoci. To ɓerayen sito ba su bar mu ba, a gyara yau, jibi sun gatse shi. Injiniyan da ke mana aiki daga Kaduna yake zuwa, kuma kun san hanyar da 'yan bindigarta, ba wanda zai riƙa biyo ta saboda ɓera. Sai ya ce a koma waifai, wato intanet ɗin da ba ya buƙatar kebul, kowa ya huta. Yana haɗawa ya juyo ya ce, "Ƙanwata, wane suna za mu sa masa?" Ni da wasa na ce ya sa sunana mana, tunda ni ce sarauniyar wurin. Ya yi dariya ya sa, har da sunan babana kamar yadda yake a takardar makaranta.

Wadda na fara ba wa fasiwod, wato kalmar sirrin hawa waifai ɗin, wata dattijuwa ce, Mama Saraya, 'yar ƙauyen Gayam, tana kawo gyaɗa ranar kasuwa. Ɗanta yana aiki a kudu, a ƙauyensu kuwa sai ka hau tudu kafin waya ta shiga, in ma ta shiga. Ranar da na haɗa mata kiran bidiyo ta ga jikanta yana rarrafe, ta kama hannuna ta riƙe har aka gama. Ta kawo ƙawarta, sai wata mai nono da ke son tura wa yayanta saƙon murya, sai kuma na ga samari da 'yan acaɓa suna cika benci. Ban san waya tana iya ba wa wata waya fasiwod ba sai daga baya. Kuma gaskiya ban damu ba, don kafin nan sai in wuni ba wanda ya yi min magana in ba manomi ya ce a buga masa takarda ba. Gwaggo ba mai hira ba ce, ƙawayena na makaranta sun watse, Innata sai in daɗe ban ji muryarta ba. Mutanen bencin nan su suka zama 'yan hirata, wani ya leƙo ta taga ya ce sabis ya yi nauyi yau, wata ta ajiye min dafaffiyar masara.

To ran nan da na tarar da benci wayam, ban daɗe da zama ba sai ga 'yan sa-kai biyu da wani jami'in tsaro, suka ce in rufe ofis in biyo su. A can aka ajiye wata waya a gabana aka nuna min cikakken sunana a ciki. Ashe an kama wani ɗan acaɓa da ake zargin yana kai wa mutanen daji burodi da fetur da labarin wanda ya shigo gari da kuɗin amfanin gona, da aka duba wayarsa aka ga sunana. Aka tambaye ni mene ne tsakanina da shi, na rantse ban san shi ba sai dai ko gani a benci, na yi ta bayanin cewa sunan waifai ne ba lambata ba ce, amma kuka ya hana maganar fita daidai. Ba wanda ya taɓa ni, in faɗi gaskiya, sai dai an ce kar in bar gari har a gama bincike.

Kafin in isa gida labari ya riga ni, wai ni budurwarsa ce, wai ni nake duba kwamfuta in faɗa masa wanda ya sayar da masara mai yawa. Maƙwabtan da ke aiko yara ɗibar ruwa a rijiyar Gwaggo suka daina. Telar da ke min ɗinki ta aiko min da atamfata ba a ɗinka ba. Gwaggo ta yi ta faɗa, wai ta karɓi amanar 'yar ƙaninta ga shi na jawo mata ido, wai wace mace mai hankali ce take rataya sunanta a iska kowane ƙato yana ɗauka a aljihu. Kuma ta fi ni gaskiya. Alhaji ya kira ya ce in yi haƙuri in kashe rautar, shi ke nan. Na so in ji muryar Innata ko sau ɗaya, layinsu ba ya shiga, kuma ko ya shiga me zan ce mata? Kwanakin nan ina zuwa ofis in zauna, ko ƙarar mashin na ji ya rage gudu a ƙofa sai in tashi in leƙa ta taga, ban san wa nake tsoro ba, masu zargina ko mutanen shi wanda aka kama.

Da ranar kasuwa ta zagayo Mama Saraya ta zo kiran ɗanta ta tarar babu sabis, mai shayi ya ba ta labari. Ko kwandonta ba ta sauke ba ta ja ni muka koma wurin jami'in, ta miƙa masa wayarta ta ce, "Ɗana, duba nan, ni ma sunanta yana ciki, in saurayinta kuke nema to ga ni." Ya duba wayar, sai ya tura aka bi layinmu ana duba wayoyi. Aka samu sunana a wayar mai shayi, da mai faci, da ladanin masallacin layin, har da ɗaya daga cikin 'yan sa-kan da suka zo tafiya da ni. Bayan la'asar jami'in ya kira ni ya ce, "Yarinya, je ki gida, babu komai a kanki, amma ki cire sunanki daga abin nan." Mama Saraya ta kama hannuna muka nufi ƙofa.

Ina fitowa Alhaji ya kira. Ya ce Injiniya zai biyo ayarin motoci mako mai zuwa, zuwa ɗaya zai yi, kuma tunda ni nake zama a wurin ni zan zaɓa: ko a koma kebul a saka shi cikin bututun roba saboda ɓeraye a kashe waifai gaba ɗaya, ko a bar waifai a canza suna da fasiwod in riƙe ni kaɗai.

A nan na rasa yadda zan yi. In kebul ne, duk wanda ya tambaya zan ce babu, kuma gaskiya na faɗa, ba wanda zai riƙe ni a zuciya. Amma Mama Saraya ba za ta sake ganin jikanta a nan ba, matar da ta tsaya min lokacin da ko gaisuwata ba a amsawa, ni kuma in koma wuni da firinta. In waifai ne, duk wayar da ta wuce za ta nuna yana nan, kuma na san kaina, ba zan iya kallon tsohuwa in ce a'a ba, da na ba mutum ɗaya kuwa ya tafi. In kuma na hana wani, a garin nan ba ka san wa ka hana ba.

Masu ilimin abin, akwai yadda za a bar waifai amma wayar da na yarda da ita kaɗai za ta hau, kuma ba za ta iya ba wa wata ba? In akwai ku faɗa min da Hausa yadda zan yi wa Injiniya bayani. In babu, iyayena da yayyena na zauren nan, in zaɓi kebul? To da wane baki zan faɗa wa Mama Saraya?