Jiƙon Kanwa Kafin Tiyata

Yaya Abdulrashid,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Aina'u da yara. Yaya jikin Inna? An gama cirar gyaɗa a Tsanyawa? Ni lafiya lau nake a Alƙahira, abinci ne dai ba ya shiga kwana biyu.

Tun da na ji an sa ranar tiyatar Inna ban samu sukuni ba. Makon jiya, a asibitin da muke koyon sa barcin tiyata, an yi wa wata tsohuwa aiki. Akwai allurar da ke sa jiki ya saki, in an gama a yi wata ta warware ta. Na auna alluran yadda aka koya mana, amma matar ta kasa numfashi da kanta, inji ne ya riƙe ta awa uku. Malaminmu ya ce jininta ne ya yi tsami. Na duba littafi, wai tsamin in ya yi kaɗan ma matsala ce. Wallahi kaina ya kulle.

Sai na tuna jiƙon kanwar da Inna ke sha kullum saboda ƙwannafi. Na san kanwa na kashe tsamin yakuwa, amma abin da take yi a jini ban gane ba tukuna. In likita ya tambayi Inna ko tana shan magani, a'a za ta ce, don a wurinta kanwa ba magani ba ce.

Don Allah ka shiga wurin likitan tare da ita, kai ka faɗa masa maganar kanwar. Allah ya tashi kafaɗunta.

Ƙanwarka,
Fauziyya