Wani Ya Ɗauki Wurina

Daren Laraba, unguwar Najma, Doha

Abokina Bashir ya turo min waƙarmu da aka sa a rediyo a Kano. A jami'a muka fara, muna kwaikwayon samarin Amurka na shekarun 1950 da suka haɗa muryoyi a bakin titi har faifansu na farko ya karɓu. Ni nake riƙe murya mai kauri.

A banɗaki na saurara, kada in tashi abokan ɗakina. Muryar tana nan, amma ba tawa ba ce, kuma babu kuskure ko ɗaya.

Na tambayi Bashir a waya, "Wa ya ɗauki wurina?"

Ya ce, "Haba Injiniya, kai da kake Doha? Ƙanena ne. Ya iya ko?"

Nan kuma kamfani bai tabbatar min da aiki ba tukuna.

Na ce masa, "Ya iya."