Malam Ya Rufe Kwamfuta A Kan Hoto Na Biyu

Assalamu alaikum Hajiya Turai. Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke cina ba na iya kai shi wajen 'yan'uwa, don a garinmu kowa ya san kowa. Ni matar aure ce daga Birchi a ƙaramar hukumar Kurfi, kuma duk sunayen da zan ambata na canza su.

Ƙanin maigidana, Fahad, da ya gama jami'a a Dutsin-Ma zai tafi bautar ƙasa, sai ya bar min kyamararsa, irin mai memori ɗin nan. Ya ce ya lura duk bikin da aka yi ni ce mai bin mutane da waya ina ɗaukarsu, gara in riƙe ta da ta zauna cikin akwati. Ta daɗe a ƙarƙashin gado ban taɓa ta ba, ina tsoron in danna wani abu in lalata kayan mutane. Maigidana, Allah Ya saka masa da alheri, shi ya je ya roƙi wani dattijo a Dutsin-Ma, tsohon mai ɗaukar hoto tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, ya koya min aiki da ita. Zan kira shi Malam Sodangi. Aka shirya duk ranar kasuwa, in maigida zai kai wake, sai ya ɗauko ni a babur ya sauke ni gidan Malam, in ya tashi kasuwa ya biyo ta kaina. A zaure muke karatun, matarsa Hajiya Batula na gefe tana ɗinkin hula.

Hajiya, ban san yadda zan faɗa miki alherin mutumin nan ba. Ni da ban wuce aji uku na sakandare ba, bai taɓa sa na ji ni jahila ce ba. Ranar farko ko hoto ɗaya bai bari na ɗauka ba, riƙo kawai muka yi: gwiwar hannu manne da haƙarƙari, hannun hagu a ƙasa, a tsayar da numfashi kafin a danna. Ba ya gaya min sunan abu da Turanci sai na gane aikinsa. Ya ce kyamara ido gare ta kamar mutum, tana buɗe shi tana tsuke shi, tana ƙiftawa da sauri ko a hankali. Ya hana ni barinta a otomatik. Ya sa na yi ta bin kajin Hajiya Batula a tsakar gida, tana yi mana dariya, har ranar da na tsayar da zakara yana gudu, ƙafarsa ɗaya a sama, kowane gashi ya fito tas. Wallahi ranar sai da na yi hawaye a kan babur. Shi ya ganar da ni dalilin da ya sa in baƙar mace ta sa farin leshi fuskarta ke fitowa duhu, wato farin kayan ne ke ruɗar kyamara ta rage haske. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk abin da na ɗauka cikin mako in kawo masa memorin yadda yake, kada in goge ko ɗaya, domin a lalataccen hoto ake koyo. Sai ya sa a kwamfutarsa mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

To, kwanan baya aka yi bikin 'yar maƙwabciyarmu. Uwar amarya ta ce in zo in ɗauki hoto ranar kamu, a cikin gida, inda namiji ba ya shiga. Kin san yadda muke in mu kaɗai ne. Aka kifa ƙwarya a ruwa ana kiɗa, matan da ko ƙofar gida ba sa leƙawa suka ajiye mayafi, ɗankwali na faɗuwa ana shewa, tsofaffi na taka rawa. Na yi wa uwar amarya alkawari da bakina cewa babu namijin da zai ga hotunan nan. Ko maigidana ban nuna wa ba.

Da na dawo gida sai na duba hotunan. Waɗanda na ɗauka a tsakar gida sun yi kyau, amma na cikin ɗakin amarya, inda taga ɗaya ce ƙarama, duk sun yi dishi-dishi, wasu kamar hayaƙi. Tunanina bai wuce Malam zai gaya min inda na kuskure ba. Ranar kasuwa na miƙa masa memorin kamar yadda na saba. Allah shi ne shaidata, alkawarin bai ko faɗo min a rai ba. Na daɗe da daina ganin Malam a matsayin namiji, ni dai mai gyara min hoto nake gani. Hoton farko ƙofar gidan biki ce. Na biyu na buɗewa, sai ga wata mata babu mayafi, Malam ya kau da kai, ya rufe kwamfutar, ya zare memorin ya ba Hajiya Batula ta miƙo min. Bai ɗaga murya ba. Ya ce karatu ya tsaya nan tukuna, ya tashi ya shige gida. Na zauna a zauren nan har maigida ya zo, na kasa ko ba da haƙuri.

Tun ranar ban koma ba. Sai ga maigida ya dawo daga kasuwa da saƙo daga Hajiya Batula: tsohuwar ƙafar kyamarar Malam, mai ƙafa uku ɗin nan, an naɗe ta da zane. Babu wata magana tare da ita. Na rasa ko sallama ce aka yi min cikin mutunci, ko wani abu ake nufi. Maigidana ya ce in bar dattijo ya huta, abin da na koya ya isa, kuma kada in kuskura in faɗa wa uwar amarya don maganar za ta zagaye gari. Ni kuwa na san bai isa ba. Ga wani biki na karɓa a Kurfi bayan kaka, kuma duk aikin da zan samu irin wannan ne, na cikin gida, wanda Malam ba zai iya gani ba. Ko ba don hoto ba, ba na so mutumin da ya yi min wannan alheri ya riƙa tuna ni a matsayin marar amana. In koma ne? In na koma me zan nuna masa?

Taku,
Mai Godiya daga Birchi

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma amsata a taƙaice ita ce ki koma. Amma bari mu bi maganar daki-daki.

Kin yi kuskure, kuma gara ki kira shi da sunansa. Matan nan sun ajiye mayafi ne saboda sun yarda da ke, ba saboda kyamara ba. Na yarda ba da gangan kika yi ba. Sabo ne ya ja hannunki, kuma sabon nan Malam ne ya dasa shi. A nan nake ganin shi ma yana da ɗan kasonsa. Malamin da ya ce a kawo masa komai ba tare da an cire ko ɗaya ba, kuma ɗalibarsa mace ce mai shiga cikin gidaje, ya kamata tun farko ya gindaya iyaka. Mai yiwuwa bai hango ba, tunda duk rayuwarsa a shago da ƙofar gida ya yi aiki. Tashin da ya yi ba tare da bayani ba shi ma ya bar ki cikin zullumi. Sai dai rufe kwamfutar nan daidai ne, kuma ke ya kare. Da ya ci gaba da kallo yana gyara miki, da yau damuwarki ta fi haka.

Game da ƙafar kyamara, ban san zuciyar Malam ba, amma na yi shekaru ina aiki da masu ɗaukar hoton jarida, na san amfaninta. Ana kafa ta ne a wuri mai ƙarancin haske don hana kyamara rawa. Wato daidai ciwon da ke damunki ya aiko wa magani. Ki kuma lura cewa rabin magani ne. Tana hana rawar hannunki, ba ta tsayar da mace mai rawa. Wannan sai an ƙara saurin ƙiftawar da ya koya miki, ko a harba filasha sama ta daki rufin ɗaki ta dawo a tausashe, in irin filashar da ke juyawa gare ki. Darasi ne da ba ku kai ba, kuma Malam ya fi ni sanin haka. Shi ma tukuna ya ce, bai ce an gama ba.

Sai tambayarki ta abin da za ki nuna masa. Malam ba ya buƙatar ganin fuskar kowa kafin ya gyara miki. Haske yake buƙatar gani. Ki nemi ɗaki irin na amaryar nan, mai taga ɗaya, naki ma ya isa. Ki ɗauke shi babu kowa ciki, a lokacin da aka saba yin kamu. Ki rataya farin leshi kusa da baƙin zane, ki jera kwanukan silba masu ƙyalli, ki sa yara su yi ta tsalle a gaban gado. Duk matsalar da kika samu a gidan biki za ta fito a nan, kuma babu amanar da aka taɓa. Kada ki ce Hajiya Batula ta duba hotunan bikin ta kwatanta masa. Ita ma ba a ba ta izini ba, kuma siffanta matan mutane ga miji ba mafita ba ce. Ki sami memori na biyu, ki ɗiga masa jan farce, ya zama na cikin gida kaɗai, kada ya taɓa shiga jakar da kike zuwa karatu da ita.

Akwai abin da ba ki ambata ba, kuma ya fi damuna. Wa zai wanke hotunan? Yawancin shagunan wanke hoto maza ne a ciki, kuma kwamfutarsu kan riƙe abin da aka sa mata. Abin da ya faru a zauren Malam ƙarami ne a kan abin da zai iya faruwa a can. Ki wanke waɗanda masu su suka gani suka amince kawai. Sauran ki tura wa uwar biki hannu da hannu, ki goge naki a gabanta.

Batun faɗa wa uwar amarya, maigidanki yana da hujja, magana na yawo a ƙaramin gari, kuma tana iya jawo wa baiwar Allah da ke cikin hoton matsala a gidanta. Duk da haka ita kika yi wa alkawari. Shawarata ki nemi yardar maigida, ki same ta ita kaɗai ranar da za ki kai hotuna, ki faɗa mata a gajarce abin da ya faru da abin da Malam ya yi. Kada ki ambaci wadda ke cikin hoton, ko ta matsa miki. In kin san ba ta riƙe magana, to ki bi shawarar maigidanki, ki nemi gafarar Allah, ki gyara gaba. Ke kika san ta, ni ban san ta ba.

Ranar kasuwa mai zuwa kada ki aika kowa, kada ki tura saƙon waya. Ki roƙi maigida ya shiga zauren tare da ke maimakon ya sauke ki ya wuce. Ki fara da godiyar nan da kika rubuto min, domin ina kyautata zaton Malam bai taɓa jin ta daga bakinki yadda na ji ta ba. Sannan ki ba da haƙuri sau ɗaya, ba tare da dogon bayani ba, ki gaya masa sabuwar ƙa'idarki, ki ajiye memorin ɗakin da babu kowa a gabansa. In ya ce a'a, kin fita haƙƙinsa, kuma ya san irin ɗalibar da ya yaye. In ya ɗauka ya sa a kwamfuta, ki gyara zama kawai.

Allah Ya ƙara wa Malam lafiya, Ya saka wa maigidanki da Hajiya Batula, Ya kuma sa albarka a hannunki kafin bikin Kurfi.

Hajiya Turai