Tsamiyar Mero

Dapaong, daren Talata, watan Rajab

Yau a lakwal, wato makaranta, na koya wa yara kalmomin Faransanci na bayyana abin da yake ɓoye: tona asiri, bushara, wahayi. Na yi ta bayani da zumuɗi har muryata ta dushe.

Da la'asar Baba Idi mai goro ya iso daga Sokodé. Na tambaye shi ko matata Mero ta ba shi wasiƙa. Ya yi dariya.

"Malam, wasiƙa a hannun marubucin kasuwa? Kafin ya naɗe takardar duk zango ya ji. Innarka dai ta ce in gaya maka, Mero ta cinye tsamiyar gidan kaf, kuma yanzu an hana ta ɗaukar tulu."

Nan take na gane. Shekara shida muna jira.

Na san ko ina gabanta ba za ta faɗa da bakinta ba. Kunya za ta sa ta juya mini baya tana wanke kwano. Wannan juyawar nake marmarin gani, amma hutu sai bayan wata uku. Gobe zan sayi tsamiya kwando guda in ba Baba Idi ya kai mata.