A Dawo da Hoton Zubaidatu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Gwadabe ɗan Muntaka, mai zane, haifaffen Nuzla a nan Jidda, nake rubuta wannan da cikakken hankalina. Hannuna ne ke rawa, kaina lafiya lau yake. Gare ku 'ya'yana, Hashim da Sajida.

Na ɗaya. Ku san wanda na yi wa bauta. Shekara talatin da huɗu ina zana kafilina Abdulmohsen, ubangidan da takardar zamana a ƙasar nan ke hannunsa, da iyalinsa. Yana saurayi ya je Italiya, ya ga hotunan sarakunan can na shekara ɗari biyar da suka wuce, ya dawo da littafin hotunansu ya dire a gabana, ya ce haka yake so. Masu zanen wancan zamani sukan ja wa mutum wuya ya yi tsawo, su sirantar da yatsu, su daskarar da fuska kamar mai ita bai taɓa jin yunwa ba, sannan su ɓata wata guda a kan zaren rigarsa. Na zauna na koya. Abdulmohsen gajere ne mai tumbi. Na ba shi wuyan barewa, na ɗora masa hannu a kan littafin da bai taɓa buɗewa ba. Hoto goma sha tara na yi wa gidan nan, bai bari na sa sunana a ko ɗaya ba. Ina durƙushe ina gyaran firam a majalisinsa ya gaya wa baƙi wai Bature ne ya zana su. Ya mutu bara. Ban je ta'aziyya ba, ban kuma yafe ba, kada wani ya lallashe ku ku yafe a madadina.

Na biyu. Sau ɗaya na yi zane don kaina, shi ne na uwarku Zubaidatu. Na zaunar da ita yadda matan sarakunan nan ke zama, hannu a ƙirji, cikin koriyar rigar da ta ɗinka da kanta. Ban ƙara mata wuya ba, ban goge kantar almakashi da ke yatsanta ba. Hashim, ina kwance a asibiti ka cire shi daga bango ka kai wa Badr ɗan Abdulmohsen, don kawai ya nuna yana so, iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, kuma tana hannunsa tunda a ƙarƙashinsa kake aiki. Sajida ta je gidan kai ɗinki, ta gan shi rataye a hanyar kicin, an rubuta a ƙasansa: "Baiwar fada. Ba a san mai zane ba." Matar da ta haife ka ke nan. Ita ta riga mu gidan gaskiya, ba ta gani ba. Ni na ji da kunnena.

Na uku. Hoton Abdulmohsen na ƙarshe yana bayan kwabet ɗina. Na gama riga da zobe da kujera, fuskar ce na bari fili. Sau uku Badr yana aikowa a ba shi. Hashim, kai za ka ɗauka da hannunka, ka shiga ta babbar ƙofa, ka ce ya ba ka na uwarka ya karɓi na ubansa. In ya ƙi, ka dawo da shi Sajida ta yayyanka. In ya tambayi fuskar, ka ce ya nemi Baturensu ya ƙarasa. Kada ka kawo mini zancen iƙama. Na yi magana da Abdulghaffar mai kantin fenti a unguwar Sa'alaba, ya yarda ka koma ƙarƙashinsa. Albashin bai kai na Badr ba. Halas, shi ke nan, za ku ci, ba za ku mutu ba.

Na huɗu. Littafin Italiya a mayar musu, kayansu ne, ban taɓa riƙe ko allurarsu ba. Keken ɗinkin uwarku na Sajida ne, tun tana raye ta ba ta. Burushina da ragowar fenti a sayar a yi mini sadaka, ku kuma roƙa mini gafara, don na san abin da malamai suka faɗa a kan zana mai rai. Sauran abin da na bari a raba yadda Allah ya ce. In gidan Badr suka aiko da shinkafa ranar zaman makokina, a mayar da ita da zafinta.

Na biyar. Sajida, wata bakwai ke nan ba kya gaida yayanki, kin kuma kira shi bawan Badr a gaban 'ya'yansa. Na faɗi abin da ya fi haka a zuciyata. Amma Hashim ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma a wurina ya gada, ni da na yi shiru tsawon rayuwata don kada a kore mu daga garin da aka haife ni. Ki buɗe masa ƙofa. Abincin Juma'a a gidanki za a riƙa ci, ku duka, ku yi wa jikokina Hausa ko da sun amsa muku da Larabci. Ba ku da kowa a ƙasar nan sai junanku.

Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri, ya hana ku rusuna wa wanda ba Shi ba. Hashim, na so in riƙe taka albarkar sai ka gyara abin da ka ɓata, na kasa. Ga ta nan na ba ka tun yanzu. Ka je da ita gidan Badr.