Ƙofar Lakwal da Ƙarfe Takwas

Laraba, bayan isha'i.

Yau sakamakon jarrabawar gwaji ya fito, yaran ƙauye duk sun zube a lissafi. Ban yi mamaki ba. Tun zuwan sabon darakta ake kulle ƙofar lakwal, wato makarantarmu, ƙarfe takwas daidai, ba a buɗewa sai an gama darasin farko, su kuwa da ƙafa suke tahowa daga wajen Bazaga, kuma darasina ne na farko.

Na same shi a buro, wato ofishinsa, na ce, "Ranka ya daɗe, a mayar da lissafi ƙarfe goma mana."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Malam Isa, su koyi sammako."

Sammako! Hadiza, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajina, daga sallar asuba take kama hanya.

Gobe ma zan hango ta ta taga, tana tsaye bayan ƙofa rungume da littafinta, ni ina koyar da benci.